Asibitin dabbobin da ya tayar mana da Baturiya sau biyu

Ranar da na fara zuwa wurin nan saura kwana tara Babbar Sallah, bara. Na sa kyanwata Baturiya a kwandon wanki, na rufe ta da tsohon zani, na tari Napep daga Ƙofar Marusa. Harabar cike take da raguna. Wani dattijo da ya kawo nasa mai gudawa ya leƙa kwandon ya ce, "Hajiya, kyanwa kika kawo asibiti? Ki nemi wata mana, ai unguwa cike take da su." Na yi dariya kawai. Bai san cewa Baturiya ta mahaifiyata ba ce, Allah ya jiƙanta, kuma ita kaɗai ce abu mai numfashi da Inna ta bar mini.

Ba zan kama sunan asibitin ba, domin akwai ƙorafi a cikin maganata kuma ba na son in ci zarafin kowa. Ƙaramin wuri ne mai zaman kansa a cikin garin Katsina: ɗakin duba dabba ɗaya, kantin magani a gaba, likita ɗaya da yara biyu masu taimaka masa.

Abin da ya kai ni shi ne, kyanwar da ba ta barin ɓera ya kwana a ɗakin ɗinkina ta koma kwanciya gindin randa wuni guda. Ta daina hawa katanga. Abinci sai ta sunsuna ta juya. Sai kuma wani abu da ya ɗaure mini kai: ta riƙa lasar simintin bango tana cin ƙasa. Maƙwabciyata ta ce in jiƙa mata rabin farasitamol. Allah ya sa ban yi ba, don tambayar farko da likita ya yi mini ke nan tun kafin ya taɓa ta. Ya ce hantar kyanwa ba ta iya sarrafa wannan magani, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.

Ya ɗora ta kan tebur, ya ɗaga leɓenta na sama da babban yatsa, ya ce, "Hajiya, matso ki gani." Dasashin da ya kamata ya yi ja-ja, fari fat ne kamar audugar da nake cusa wa matashi. Ya ja fatar idonta ƙasa, nan ma haka. Ya ce lasar bangon nan alama ce da ake yawan gani ga kyanwar da jininta ya yi ƙasa. Yaro ɗaya ya naɗe ta da tawul, likita ya ɗebi jini kaɗan a ƙafarta, ya cika wani siririn bututun gilashi kamar tsinken tsintsiya, ya toshe bakinsa, ya sa a injin da ke juya shi. Bayan 'yan mintuna ya ɗora bututun kan ma'auni. Awon yawan jini ke nan, PCV, irin dai wanda ake auna mana lokacin awon ciki. Na lafiyayyar kyanwa yakan kama daga wajen 30 zuwa 45. Na Baturiya 14.

Abin da ya yi bayan nan shi ya sa na yarda da mutumin. Ya ɗiga jininta kan gilashi, ya ƙara ruwan gishiri irin na ƙarin ruwa, ya karkata gilashin gaban taga. Maimakon jinin ya baje sumul, sai ya tsinke ya yi gudaji-gudaji kamar madarar da aka matsa wa lemun tsami. Ya ce, "Kin ga wannan? Jajayen ƙwayoyin jininta ne suke manne wa juna, saboda garkuwar jikinta ta shafa musu alamar abokin gaba." Da ya ga ban gane ba sai ya ce in ɗauka 'yan sintirin unguwa ne suka rikice, suka bar ɓarayi suka koma dukan masu gida. Ɓargo yana ta ƙera sabon jini, saifa da hanta suna ta rushe shi. Ƙwayar jinin kyanwa da ya kamata ta yi wata biyu da ɗoriya tana aiki, sai a hallaka ta tun ba ta je ko'ina ba.

Bai yi gaggawar cewa ya gano komai ba. Ya ce a wurin kyanwa sau da yawa akwai abin da ke tunzura garkuwar. Akwai ƙwayar cuta mai suna Mycoplasma haemofelis da ke maƙalewa jikin jajayen ƙwayoyin jini, ana danganta yaɗuwarta da ƙuma da kuma faɗan kyanwoyi. Akwai cututtukan kyanwa biyu masu raunana garkuwar jiki da ake kira FeLV da FIV. Akwai ciwon ƙoda, duk da shi hana ƙera jinin yake yi. Sannan ya tambaye ni abin da take ci. Na ce abin da muka ci, tuwo da miya, shinkafa, ɗan kifi in an samu. Ya ce albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kyanwa, ko dafaffu ne. Shekara shida ina zuba mata miyar da na soya da albasa, ban taɓa sani ba.

Ya ba ta magani biyu. Doxycycline saboda waccan ƙwayar cutar, ko da bai tabbatar da ita ba, domin ya ce takan ɓuya a rasa ta a madubin likita. Ya gargaɗe ni in bi kowace ƙwaya da ruwa a sirinji, in ba haka ba tana iya tsayawa a maƙogwaro ta ƙona shi. Sai prednisolone, wanda shi ne ke kwantar da garkuwar. Ya kuma ɗiga mata maganin ƙuma a ƙeya.

Na tambaye shi ƙarin jini. Nan ma bai yi mini rufa-rufa ba. Ya ce, "Hajiya, ba ni da abin gwada rukunin jinin kyanwa a nan. Suna da A, da B, da AB. In na sa wa mai B jinin A, tana iya mutuwa a kan teburin nan." Ya ce in awon ya ƙara faɗuwa ko numfashinta ya fara sama-sama, zai rubuta mini takarda zuwa asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Na koma gida ina lissafin yadda zan gaya wa Malam cewa zan tafi Zariya ana jajibirin Sallah saboda kyanwa.

Ba a kai ga haka ba. Bayan mako guda awon ya hau 19, bayan uku 27, kafin damina ta yi nisa 33. Ta koma kan katanga.

To, ga inda aka samu matsala, kuma laifin rabawa za a yi. Likita ya faɗa mini da baki cewa prednisolone ba a yanke shi rana ɗaya, ana rage shi ne sannu-sannu cikin watanni. Amma da baki ya faɗa, raguna na kuka, mutum biyar na jiransa. Ba kati, ba rubutu. Da na koma sayen magani karo na ƙarshe likita ya fita duba shanu, yaron kanti ya zuba mini ƙwayoyi a farar leda ba ko layi ɗaya a jiki. Na ce, "Ɗana, in wannan ya ƙare fa?" Ya ce, "Mama, ai ta warke, in ya ƙare shi ke nan." Ni kuma ga ɗinkin biki ya taso mini, ga kyanwa tana tsalle, sai na ɗauki maganar da ta fi mini sauƙi.

Sanyi na shigowa ciwon ya dawo, kuma ya fi na farko muni a ido. Cikin kunnuwanta ya yi ruwan ɗorawa, fitsarinta ya koma kalar shayi. Shawara ke nan, irin wadda ke zuwa idan jini na fashewa da yawa. Na isa asibitin ƙarfe takwas, babu wuta, janareta ba mai. Awa biyu na zauna kan benci da kyanwa a cinya, wani ƙaton kare na haki a gefena, ita kuwa tana karkarwa. Wannan ba daidai ba ne. Wurin da ke karɓar kuɗin awon jini ya kamata ya ajiye man da zai juya injin na minti biyar. Kuma ko labule ne a sa a raba masu kyanwa da masu karnuka, don dabbar da jininta ya ƙare ba ta da ƙarfin jure tsoro.

Awon ya nuna 16. Na shirya shan faɗa, amma sai ya tambaye ni ranar da ta sha ƙwayar ƙarshe da kuma wanda ya ce in tsaya. Ya kira yaron, a gabana ya yi masa magana a hankali, ba tsawa. Sannan ya yago kwali ya zana mini jadawali da hannunsa: adadin ƙwaya, ranar ragewa, ranar dawowa awo, da jan biro a ƙasa cewa kada a tsayar sai shi ya ce. Har yau kwalin na manne jikin keken ɗinkina. Ya sa aka kawo masa abin gwajin FeLV da FIV daga Kano, bayan kwana huɗu aka yi, duka biyun babu. Daga nan ya ce abin da ya fi rinjaye garkuwar ce da kanta ke wannan ɓarna, kuma irin wannan ciwo lallaɓa shi ake yi, yana iya dawowa ko an bi ƙa'ida. Wasu kyanwoyin ana samun raba su da magani, wasu har ƙarshen rayuwa. Idan ya sake tashi tana kan prednisolone, sai an haɗa da wani, irin ciclosporin, wanda ya ce yana da tsada kuma sai an yi odarsa.

Maganin ma da nasa. Baturiya ta zama acici, ta yi tumbi, tana shan ruwa fiye da da. Likita ya ce daɗewa a kansa na iya jawo wa kyanwa ciwon suga, shi ya sa yakan haɗa da awon suga lokaci-lokaci. Ba ta ƙwayar kuwa yaƙi ne kullum. Na gwada ɓoyewa cikin kifi, ta cinye kifin ta tofar da ƙwayar fes. Yanzu ɗiyata Ummi ke naɗe ta da zani, ni in buɗe bakin.

Kuɗin ganin likita da na awo ba su taɓa gagarata ba, maganin ma mai araha ne, a kowane kemis ana samunsa. Abin da ke cin mutum shi ne zirga-zirga da wunin aiki da ke tafiya. Likitan ya rage mini wannan: duk Juma'a ina ɗaga leɓenta a hasken rana in ɗauki hoto in tura masa ta WhatsApp, yakan amsa ko da dare ne, bai taɓa cajin ko sisi ba. Sau ɗaya ya ce hoton bai yi masa ba, in kawo ta gobe. Ashe hasken ne, awon 31.

Wanda zai je, ya je da sassafe, ya kira tukuna ya ji ko likitan na nan, domin yaran ba su kai a bar musu irin wannan ciwo ba. Ya kauce wa makon Babbar Sallah in da hali. Ya sa kyanwar a kwali mai huji, ba kwando ba, tawa ta taɓa kubcewa daidai Ƙofar Ƙaura sai da mai Napep ya taya ni kamu. Kuma kada ya bar kantin sai an rubuta masa yadda za a sha maganin.

Yanzu Baturiya na kan rabin ƙwaya, rana ɗaya a sha rana ɗaya a huta. Awon da aka yi mata na ƙarshe 34. Muna da komawa ranar 12 ga wata mai kamawa, likita ya ce in ya tsaya haka zai gwada rage mata zuwa kwata.