Sharhi: kwafin sulken mahayan Turai mai zobba masu ƙusa

Wannan sulke irin wanda masu kayan tarihi ke sayarwa ne a intanet, kwafin doguwar rigar ƙarfe mai kaiwa gwiwa, da tsaga gaba da baya don hawan doki, irin wadda Normawa, mutanen Normandy ta arewacin Faransa, suka sa a yaƙin Hastings na Ingila a 1066. Bayan wata shida ina amfani da shi, hukuncina shi ne zobban sun yi, amma yankan rigar bai yi ba.

Faɗin cikin kowane zobe milimita 9 ne, an daddale shi, kuma kowanne ya sarƙe da huɗu. Layi ɗaya zobba ne rufaffu da aka hudo daga farantin ƙarfe, layi na biye kuma masu ƙusa. Haka maƙeran Turai suka riƙa yi har wajen ƙarni na 14, kuma nan kwafin ya burge ni. Kada a yarda da mai arha wanda aka haɗa bakin zobensa kawai babu ƙusa. Nauyin rigar kaɗai yana buɗe zobban kafaɗa, balle tsinin mashi.

A sikeli ya kai kilo 11. Idan babu ɗamara, kafaɗa ce ke ɗauke da shi duka. Da an ja bel mai kauri aka ɗan sako rigar a samansa, sai ƙugu ya karɓi rabonsa. Dole a sa riga mai cushen auduga a ciki, kwatankwacin lifidi, domin sulke kaifi yake tarewa, ba ya hana bugu karya ƙashi. Saboda haka a auna ƙirji da rigar cushen a jiki, a ƙara santimita 10 zuwa 15, tunda sulke yana tsukewa idan ya rataya.

Babban aibinsa a hammata yake. An saƙa gangar jikin miƙe kamar buhu, aka liƙa hannuwa. Maƙeran da suna ƙara zobba a bayan kafaɗa da wajen ɗuwawu, su rage a ƙugu, su haɗa hammata ta yadda layin hannu zai gamu da na jiki a gicciye. A wannan kwafin, da ka ɗaga hannu sai rigar duka ta biyo shi, zobban hammata su ɗau jan, kuma can ƙusoshi ke fara fita. Gyaran shi ne a warware wajen, a saƙa ƙari mai kusurwa uku. A nemi zobba da ƙusoshi na ajiya da filayar danne ƙusa tun wajen saye.

Yana zuwa jiƙe da baƙin mai. A wanke da kananzir, a busar nan take, a shafa mai kaɗan. Idan damina ta kawo tsatsa, a zuba shi a buhu da busasshen yashi a yi ta jijjigawa; a Turai cikin ganga ake mirgina shi.

Wanda ya zauna danne ƙusa hamsin kacal zai gane dalilin da ya sa rigar mai dubban zobba ta raba mutane aji-aji. A 805 Sarki Charlemagne, mai mulkin yawancin yammacin Turai, ya wajabta sulke a kan duk mai gonaki 12, ya kuma hana fatake sayar da shi ga Silabawa da Abarawa, maƙwabtansa na gabas. A Ingila, dokar makamai ta Henry na Biyu a 1181 ta ce ɗa, wato wanda ba bawa ba, mai dukiyar mak 16 (mak ma'aunin kuɗi ne na lokacin) ya mallaki cikakken sulke da kwalkwali da garkuwa da mashi, mai mak 10 ya nemi gajeren sulke, sauran mutanen gari kuwa rigar cushe da hular ƙarfe da mashi. Ga malamin tarihi mai son ɗalibai su ɗaga wannan bambanci da hannunsu, kwafin ya biya kuɗinsa. Mai son hawa ko wasan takobi da shi, ya fara gyara hammata tukuna.