MGB: a sauke injin a gyara ko a saka V8?

Tambayar nan ta yi yawa a inbox, wai wanda ya samu tsohuwar motar MGB ta Ingila, ya gyara injinta na asali ko ya canja?

Injin asali mai lita 1.8 ne, silinda huɗu, aikinsa ba wuya, a wanke silinda, a saka sabon fistin da ringi da biyarin, kayan kuma har yau ana samu tunda daga 1962 zuwa 1980 ana ƙera motar. Amma fa in bulok ya tsage kuɗin zai haura.

Shi kuwa injin Rover V8 mai silinda takwas da lita 3.5 akwai ƙarfi gaskiya, kuma da yake na alminiyom ne bai fi na asalin nauyi ba, kamfanin da ke ƙera MGB ma ya fitar da mai irin wannan injin a 1973. Sai dai ba injin kaɗai za ka saya ba, akwai giya, lagireto, salansa, birki ma sai an duba, in bakaniken bai ƙware ba motar ta dinga zafi kenan.

Wajen sayarwa masu tara tsofaffin motoci lambar injin asali suke dubawa.

Mai son darajar motar ya gyara nasa, mai son gudu da aljihu mai nauyi V8 ya dace da shi.