Wurin gashin ƙashin da muka kai golanmu mai gocewar kafaɗa

Akwai wani ƙaramin asibitin gashin ƙashi mai zaman kansa a nan Kano, a saman bene, wanda akasarin masu zuwansa 'yan wasa ne: 'yan ƙwallo, 'yan dambe, da samarin nan masu ɗaga ƙarfe. Zan sakaya sunansa domin akwai inda zan yaba, akwai kuma inda zan soka. Idan kafaɗar ɗan wasanka tana yawan gocewa, kuɗin ganin farko a wurin nan ba asara ba ne, ko da ba ka da halin biyan abin da zai biyo baya. Gano ciwo shi ne gwanintarsu. Tsarin karɓar mutane kuwa, da sauran rina a kaba.

Ɗan wana na kai, shekararsa 19, gola ne a ƙungiyar unguwarmu. Gocewar farko a fili ta same shi: ya tashi sama ya miƙa hannun dama zai ture ƙwallo, wani ya faɗo masa a kan hannun ya danna shi baya. Aka kai shi wurin mai ɗori, aka ja, aka mayar, aka shafa magani aka ɗaure, ba a yi hoto ba. Zafi na lafawa ya koma raga. Daga nan abin ya zama jiki. Kafaɗar ta fita a wasa, ta fita wajen sa riga, har ta kai ta fita yana barci don kawai ya tura hannu ƙarƙashin matashi. Ya ma koyi mayar da abarsa da kansa, yana cika baki da hakan a majalisa.

Likitan da ya gan mu bai taɓa shi ba sai da ya gama tambayoyi, kuma tambayoyin da yawa. Ina hannun yake lokacin da ta fita? Wa ya mayar? Hannun ya taɓa yin sanyi ko ya mutu? Yana da farfaɗiya? Wannan ta ƙarshen ta sa yaron ya ɓata rai, sai likitan ya ce ba zagi ba ne: kusan duk gocewar kafaɗa, wajen kashi 95 cikin ɗari, ta gaba take fita, amma wadda farfaɗiya ko jan wutar lantarki ke jawowa ta kan fita ta baya, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Ya ɗauki auduga ya shafa gefen dantsen daga waje, ya shafa ɗaya hannun, ya tambaye shi ko yana jin su daidai. Akwai jijiyar da ke zagaya wuyan ƙashin dantse, wadda gocewa kan ja ta, kuma idan ta taɓu, daidai wurin nan ne fata ke mutuwa.

Sai ya sa shi lanƙwasa babban yatsa ya ga ko zai taɓa sangalin hannu, ya tura ɗan ƙaramin yatsa baya, ya miƙe gwiwar hannu da ta ƙafa, ya sunkuya ya dafa ƙasa da tafi ba tare da ya karya gwiwa ba. Wannan awon maki tara ne da ake kira Beighton, don a gane ko mutum dama can gaɓoɓinsa sakakku ne tun haihuwa. Namu ba haka yake ba, nasa rauni ne. Bambancin yana da nauyi, domin mai sakakkun gaɓoɓi da motsa jiki ake fara masa magani, kuma a daɗe ana yi kafin a yi zancen wuƙa.

Gwajin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na bakin gado. Ya kwantar da shi rigingine, kafaɗar tana gefen katifa, ya ɗaga hannun gefe daidai kafaɗa, ya lanƙwasa gwiwar hannu, ya fara juya shi baya a hankali kamar mai shirin jifa. Bai yi nisa ba fuskar yaron ta sauya, ya cafke hannun likitan da hagunsa ya ce, "Likita, tsaya, wallahi za ta fita!" Ba zafi ya ji ba, tsoro ne. Sai likitan ya ɗora tafinsa a gaban kafaɗar ya danna ƙashin baya, ya sake juyawa har ya wuce inda ya tsaya ɗazu, yaron yana kwance lafiya lau. Likitan ya dube ni ya ce, "Baffa, ka gani da idonka ko?" Na gani.

Ya ɗauko ƙashin roba daga kan tebur ya yi mana bayani. Kan ƙashin dantse babba ne, mazauninsa a jikin allon kafaɗa kuma ƙarami ne marar zurfi, kamar a ɗora lemu a kan murfin kwalba. Shi ya sa hannu ke juyawa ko'ina, shi ya sa kuma kafaɗa ta fi kowace babbar gaɓa gocewa. Abin da ke riƙe ta shi ne wani zoben guringuntsi da ya kewaye bakin mazaunin, da jijiyoyin da ke manne da shi, da tsokoki huɗu da suka lulluɓe gaɓar. Ya tura mu hoton ƙashi, ɗaya ta gaba ɗaya ta hammata, sannan hoton MRI mai nuna tsoka da jijiyoyi a wani wuri daban, domin su ba su da na'urar. Sakamakon ya zo da sunaye biyu. Na farko Bankart, wato zoben ya ɓalle daga bakin ƙashi ta gaba. Sunan wani likitan tiyata ne na Ingila da ya yi bayanin raunin a 1923. Na biyu Hill-Sachs, lotsawa a bayan kan ƙashin dantse inda yake bugun bakin mazaunin duk lokacin da ya fita, sunayen wasu likitocin hoto biyu na Amurka da suka rubuta shi a 1940.

A nan ne wurin ya sayi mutuncinsa a idona. Mutumin da abincinsa gashin ƙashi ne ya ce mini, "Baffa, zan iya karɓar kuɗinku wata da watanni, amma motsa jiki ba ya ɗinke abin da ya yage." Ya ce matashi ɗan ƙasa da shekara 20 da ke wasan da ake karo ko ɗaga hannu sama, fiye da rabinsu kafaɗar takan sake fita bayan gocewar farko idan ba a yi aiki ba, balle wanda tasa ta riga ta saba hanya. Kuma kowace fita tana ƙara cin bakin ƙashin. Idan ƙashin bai ci sosai ba, ana shiga da 'yar kyamara ta ƙananan huji a ɗinke zoben a mazauninsa. Idan kuwa abin da ya zaizaye ya kai wajen kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu, ɗinki kaɗai ba ya riƙewa, sai a yanko wani ɗan ƙashi da ke gaban allon kafaɗa a dasa shi a bakin mazaunin da kusoshi, aikin da wani likitan Faransa mai suna Latarjet ya fito da shi a 1954. Awon ƙashin da hoton CT ake yi, mai nuna ƙashi dalla-dalla, hukuncin kuma na likitan tiyata ne, ba nasa ba. Ya rubuta mana takarda, ya ce mu nemi likitan ƙashin da ya saba aikin kafaɗa, ko a Asibitin Ƙashi na Dala ko wani wurin, bai tura mu wajen wani abokinsa ba.

Yaron bai ji daɗi ba. Ya kawo zancen Mohamed Salah, wanda ya ji ciwo a kafaɗa a wasan ƙarshe na Zakarun Turai a watan Mayun 2018 lokacin da suka faɗi da Sergio Ramos, amma a watan Yuni ya buga wa Masar a gasar kofin duniya a Rasha har ya ci ƙwallo. Likitan ya yi dariya ya ce raunin kafaɗa kala-kala ne, kuma Salah ba da hannu yake tare ƙwallo ba. Ya ce bayan aiki hannu zai yi makonni a rataye, kuma komawa raga sai wajen wata shida, shi ma sai ƙarfin hannun ya kamo ɗan'uwansa kuma gwajin bakin gadon nan ya daina tsorata shi.

Mai ɗorin ma likitan bai zage shi ba, abin da na lura wasu ma'aikatan asibiti ba sa iya haƙurin bari. Cewa ya yi matsalar ita ce a ja hannu ba hoto, alhali gocewa kan zo tare da karaya, kuma ga wanda ya haura shekara 40 takan zo da yagewar tsoka.

Kafin aikin ya ɗora shi a kan atisaye don tsokokin su yi ƙarfi. Ba abin burgewa a ciki: igiyar roba a ɗaure a hannun ƙofa, tawul a matse a hammata, a juya hannu waje a dawo da shi, tura bango, mirgina ƙwallo a jikin bango da ido a rufe don gaɓar ta sake koyon sanin inda take. Idan likitan da kansa ne a kai, yatsansa na kan allon kafaɗar, da yaron ya ɗaga kafaɗa zuwa kunne zai ce, "Sauke, ba haka ba." Idan mataimakinsa ne kuwa, rabin hankalinsa na kan waya, yaron zai yi ta ja ba daidai ba har ya gama.

Sauran laifuffukan wurin a bakin ƙofa suke. Ana ba da lokaci amma ba a cika shi. A ce maka ƙarfe goma, ka yi azahar a can. Ba a manna farashi a bango ba, kuma mai karɓar kuɗi yana da son cusa wa mutum abin da suke kira cikakken tsari, wanda ya haɗa da fitilar zafi da na'urar nan mai tsikarar fata da lantarki. Na tambayi likitan ko yaron na buƙatarsu, ya ce suna rage zafi na ɗan lokaci, amma ba sa hana kafaɗa fita, aka cire su daga lissafi. Wanda bai tambaya ba zai biya. Takardar atisayen gida da Turanci zalla aka buga ta, sai da muka ɗauki bidiyon likitan da waya yana nunawa. Labulen da ke raba gadaje bai kai ƙasa ba, kuma ban ga ma'aikaciya mace ba, don haka wanda zai kai 'yarsa ko matarsa ya fara tambaya tukuna. Sannan wurin da masu sanda ke zuwa, a ce a saman bene yake, matakala kuma ƙunci, wannan ko a ina ba dabara ba ce.

Mai niyyar zuwa ya tafi da sassafe, ya riƙe duk hoton da aka taɓa yi, ya sa wa yaron singileti a ciki domin sai an ga kafaɗun biyu a buɗe. A wurin biya kuma ya faɗa ƙarara cewa kuɗin ganin likita kaɗai ya zo biya, sauran sai bayan ya ji daga bakin likitan.