Aji ko malama ta waya? Ni dai ga wanda ya buɗe min baki

Wa alaikumus salam 'yar uwa, ke da kika ce kin rasa na zaɓa tsakanin ajin Sifaniyanci na mutane da yawa da malama ke kaɗai ta intanet, ga kuma kunya ta hana ki sakat. Ki ɗauki malama. Na faɗa tun yanzu dan kar dogon surutuna ya gajiyar da ke ki wuce ba ki ga amsar ba, amma ki ɗan tsaya ki ji dalili tunda duka biyun sun ci kuɗina.

Na zo Balensiya ta ƙasar Sifaniya a 2019 wajen maigida, lokacin ko "hola" sai na yi shawara da zuciyata kafin ta fito. Ni dama irin mutanen nan ce da ko a gidanmu in baƙi sun zo nake maƙalewa a kicin, to ki haɗa wannan da garin da mutane ke magana kamar an biyo su da bulala kuma sai sun kalli tsakiyar idonki. In za a je asibiti ko makarantar yara sai Abbansu ya bar aiki ya raka ni, in aka danna ƙararrawar ƙofa ina ni kaɗai shiru nake kamar ba kowa a gidan, mai kawo saƙo ya sha komawa da kaya saboda ni wallahi.

Ajin dai yuro 180 na biya na wata uku a wata makarantar kuɗi a unguwarmu, sau biyar na je. Mu sha huɗu ne, akwai wasu samari biyu 'yan Italiya da yarensu dama ɗan uwan Sifaniyanci ne, su ke cinye hirar, ni kuwa da an fara zagayen tambaya sai in hau ƙirga saura mutum nawa a zo kaina, tafin hannuna na gumi, kafin a iso ni abin da na haddace ya gudu. Amfaninsa ɗaya da zan iya faɗa, yana fitar da mutum daga gida. Shikenan.

Malamata kuwa Allah ya saka mata. A italki na same ta, wata manhajar neman malaman yare, 'yar Kolambiya ce daga Medellin, akwai Preply ma duk tsarinsu ɗaya ne, za ki ga ɗan bidiyon kowane malami ki ji muryarsa kafin ki biya, sai ki zaɓi mace in kin fi sakewa da mata, ni dai hakan na yi kuma maigida ma hankalinsa ya fi kwanciya. Kafin darasin gwaji na tura mata saƙo da Google Translate na ce ina da tsananin kunya, dan Allah kar ta sa ni kunna kamara. Ta ce ba komai. Kin san ranar farko kifa wayar na yi a kan filo ina magana da silin? Abin da ya kama zuciyata shi ne ba ta tsoron shiru. In na maƙale ba ta ƙarasa min maganar, jira take har sai na lalubo kalmar da kaina ko da zan yi rabin minti, kuma in na yi kuskure ba ta katse ni, sai ta rubuta gyaran a gefe in karanta bayan mun gama. Minti talatin muke yi sau biyu a sati bayan Isha in yara sun yi barci, tunda suna bayanmu da awa shida ko bakwai, dare a nan la'asar ce a wajenta. Sai da muka yi kusan wata biyu na kunna kamara, ni da kaina, ba ta taɓa tambaya ba.

Kuma a wajenta na gane ashe mu Hausawa da jari muka zo, abin da ba wanda zai gaya miki a aji dan ba wanda ke da lokacin jin yarenki. Wasulansu biyar ne, a e i o u, kuma yadda aka rubuta haka ake karantawa kamar Hausar boko, ba irin Turanci ba. Wannan "rr" ɗin da Turawan Ingila ke shekara suna fama da shi, perro kare, pero amma, ranar farko na murza shi ta ce a ina na koya, na ce ai haka muke faɗin "tara" ta ƙirga a garinmu. J ɗinsu kuma "kha" ce ta makarantar allo. Namiji da mace a kalma ma muna da shi, kuma kamar namu yawancin mata da -a suke ƙarewa, casa, mesa, kamar riga da mota, har masu karya dokar ma iri ɗaya, su suna da el día mu muna da gida da ruwa. Ranar da ta ce magajin gari sunansa alcalde na ce kai, wannan ai alƙali ne, muka bincika ashe duk daga Larabci suke, haka azúcar da sukari. Daga ranar tsoron yaren ya ragu, na daina ganinsa kamar wani dodo.

Wasan kwaikwayo take sa mu yi, ita mai kantin magani ni mai saye, ita malamar yarana ni uwa, mu maimaita har sau huɗu. Jimla biyu ta sa na haddace kamar fatiha, "estoy aprendiendo" wato koyo nake, da "más despacio, por favor" wato a hankali dan Allah. Da su na je kasuwar Ruzafa ni kaɗai na sayo rabin kilo na tattasai, tsohuwar da ke sayarwa ta kira ni cariño, wato abar ƙauna, ta ƙara min gyara da faski, na dawo gida kamar wadda ta ci jarabawa.

Ba zan ɓoye miki aibinsa ba. Mutanen Kolambiya ba sa amfani da vosotros, wato "ku" na jam'i da ake faɗa a nan Sifaniya, kuma z ɗinsu s ce, na nan kuwa harshe suke sakawa tsakanin haƙora, sai da kunnena ya sake sabawa. Sannan ta saba min da usted, ni kuma ya min daɗi dan kamar "ku" ɗinmu ne na girmamawa, har maƙociyata ta ce in daina tsofar da ita in ce mata tú. Nan Balensiya kuma wata takardar makarantar yara da yarensu na gida take zuwa, kar ki ga baki gane ba ki ce karatunki ne bai zauna ba. In kina da hali bayan wata shida ki koma wajen malama 'yar Sifaniya, sun fi tsada amma kunnenki zai gode miki.

Yanzu abin da baki tambaya ba, amma dole in faɗa. In dan takardar zama ɗan ƙasa kike koyo, jarabawar yare ta DELE A2 ake nema da jarabawar CCSE ta sanin tsarin mulki da al'adun ƙasar, duka cibiyar Instituto Cervantes ke shirya su, kuma a DELE ɗin akwai ɓangaren magana baki da baki da mai jarabawa, ba inda kunya za ta ɓuya. Akwai masu yawo a WhatsApp da Telegram suna cewa kawo kuɗi a fitar miki da satifiket ba tare da kin zauna ba, ƙarya ne, ko su gudu da kuɗin ko su ba ki ta jabu ki kai hukuma ki ja wa kanki abin da ya fi rashin takardar muni. Haka masu "iya Sifaniyanci cikin kwana 30", tarkacen abin da ke kyauta a YouTube suke tattarowa su sayar. Ko malamar ma, in daga darasi biyu ta fara cewa ki turo kuɗin wata uku ta bayan fage za ta miki ragi, ki ce a'a, wata ƙawata haka ta yi ta wayi gari an toshe lambarta. Ki dinga biyan darasi biyar biyar ta cikin manhajar.

Ki gwada malamai uku kafin ki tsaya a kan ɗaya, wadda ta cika surutu ki sallame ta ko da tana da kirki, ke kika biya dan ki yi magana. Minti talatin, kar ki yarda da awa ɗaya a farko kanki zai yi zafi. In kina jin Turanci ki haɗa da manhajar Language Transfer, kyauta ne, darasi 90 na sauraro, ina wanke-wanke nake amsa wa mutumin da ƙarfi tunda tukwane ba sa dariya. Ajin kuma ki bari sai bakinki ya buɗe, lokacin ma ki fara tambayar Cruz Roja, wato Red Cross ɗinsu, ko ofishin ƙaramar hukumarku, suna yin na baƙi kyauta. In kin shirya tura saƙon farkon ki min magana in turo miki irin wanda na rubuta, sai ki canza suna kawai.