Safar matsi da na saya a Jidda saboda jirin bayan korona

Duk wadda likita ya rubuta wa safar matsi, wato doguwar safar asibiti mai matse ƙafa, saboda jiri da bugun zuciya, shawarata ta saya. Ni dai ta yi min rana, ta yi abin da kwalaben maganin ƙarin jini da na yi ta ɗirka suka kasa.

Korona ta kama ni a farkon 2022, lokacin da Omikron ya game gari. Ba ta kwantar da ni sosai ba, zazzaɓi ne da mura, na warke na koma sana'ata ta waina da miyar taushe da nake yi wa masu suna da biki a unguwannin Karantina da Gulel na Jidda. Bayan nan ne jikina ya sauya. Da na miƙe tsaye sai zuciyata ta kama dukan uku-uku kamar wadda ta hau Jabal Nur da gudu, idona ya yi duhu, ƙafafuna su yi nauyi. Da na kwanta sai komai ya lafa. Na zaga mustausaf-mustausaf, wato ƙananan asibitoci, awon jini lafiya, awon zuciya lafiya, a ce min, "Hajja, tunani ne ya yi miki yawa." Ina za su gani, alhali a kwance ko a zaune suke auna ni? A unguwa kuma wasu suka ce iska ce, a yi ruƙiyya. An yi, kuma har gobe ban bar addu'a ba.

Wata likitar zuciya 'yar Sudan, Allah Ya saka mata da alheri, ita ta kwantar da ni na ɗan lokaci, sannan ta tsayar da ni jikin bango minti 10 tana aunawa. Bugun zuciyata ya tashi daga 78 zuwa 126, awon jinina kuwa bai faɗi ba. Ta ce sunan abin POTS, kuma ƙa'idarsa ita ce bugun ya ƙaru da 30 ko fiye cikin minti 10 na tsayuwa, ga matasa 'yan ƙasa da shekara 20 kuwa 40. Ta ce akwai jijiyoyin da ke tafiyar da bugun zuciya da gumi da narkar da abinci ba tare da mutum ya ba su umarni ba. In mutum ya miƙe jini yakan gangara ƙasa, su ne ke matse hanyoyin jini su mayar da shi sama. Nawa sun yi sanyi tun bayan korona, shi ya sa zuciya ke ta gudu don jini ya kai kwanya. Har ta gaya min ciwon ya girmi korona, tun 1993 likitocin asibitin Mayo na Amurka suka sa masa wannan suna, an daɗe ana ganin sa bayan zazzaɓin bairos, kuma mata ya fi kamawa. Ta rubuta min ruwa lita 2 zuwa 3 a yini, da ƙarin gishiri, da motsa jiki a kwance ko a zaune, da safa mai kai wa ƙugu, mai lambar ƙarfin matsi 20 zuwa 30, mai buɗaɗɗen yatsu.

Ranar da na san safar nan ba wasa ba ce, ranar wani biki ce da aka ba ni aikin waina mai yawa. Na saka ta tun ina kwance kafin Asuba, kamar yadda likita ta ce. A da, in za a yi irin wannan aiki, a kujera 'yar tsugunno nake zama, ƙanwata da 'yata su yi duk abin da ake yi a tsaye, ni sai dai in riƙa ba da baki. Ran nan na miƙe don in ɗanɗana ƙullu in ji ko ya tashi, sai na tarar da kaina a gaban tanda. Na zuba mai, na zuba ƙullu, na juye sahun farko, na kwashe, na sake zubawa. Ina ta jiran duhun nan ya zo, bai zo ba. Ƙanwata sai cewa take, "Yaya, don Allah ki zauna, kar ki faɗa kan wuta." Na ce mata ta ɗauko min na'urar nan ta yatsa mai auna bugun zuciya. Ta maƙala min, mu biyu muka zuba mata ido, ta nuna 97, kuma ina tsaye ga zafin wuta. 'Yata ta ce, "Umma, ko ta lalace ne?" Ta gwada a nata yatsan, lafiya ƙalau take. Wallahi sai hawaye. Ni da aka kai matsayin da ko wanke-wanke sai a zaune, yau ga ni ina juya waina da hannuna. Na gama suya, na haɗa miya, na raka kuloli har bakin mota. Da Baban yara ya dawo ya gan ni ina sallar Azahar a tsaye, bai ce komai ba sai alhamdulillahi da ya yi ta maimaitawa.

Sai dai wannan ba ita ce safar da aka fara sayar min ba, kuma ina tuna hakan raina ke ɓaci. Mun je wani shagon kayan asibiti da takardar likita a hannu. Mai shagon ko kallon kirki bai yi wa takardar ba, ya miƙo wadda ke tsayawa a gwiwa, irin ta masu kumburin jijiyar ƙafa. Baban yara ya nuna masa inda aka rubuta har ƙugu, ya ce duk ɗaya ne, wannan ma ta fi sauƙin sakawa. Awo kuwa babu, da ido ya ƙiyasta ni ta cikin abaya. Na yi ta saka ta ba wani canji, sai ma bakinta da ya riƙa cin bayan gwiwata har ya bar shaida. Da na koma wajen likita ta gani, ta girgiza kai. Ta ce yawancin jinin a ciki da cinyoyi yake taruwa, kuma wani bincike da aka yi a Jami'ar Kalgari ta Kanada a 2021 ya nuna matse ciki da cinya ya fi matse ƙwauri kaɗai rage gudun zuciya. Muka mayar wa mai shagon ya ce an buɗe kwali, ba canji. Na yarda abin da ya taɓa jiki ba a mayarwa, amma kuskuren na wa? Ga takarda, ga rasit. Ta'amin ɗinmu, wato inshorar lafiya, bai ɗauki safa ba, kun kuma san kuɗinta ba kaɗan ba ne. Haka muka sake biya, a shagon nan dai, don a kusa shi kaɗai ke da mai buɗaɗɗen yatsu. Babu mace ko ɗaya da za ta auna mutum, 'yata ce ta auna min idon sawu da ƙwauri da cinya da tef ɗin ɗinki da sassafe, kafin ƙafa ta kumbura.

Ita kanta safar, wanda ya yi ta bai san zafin Jidda ba. A watan Agusta, ga gumin bakin teku, ga abaya a sama, ƙurajen zufa suka feso min a cinya. Kuma zafi da kansa yana tayar da ciwon, don yana buɗe hanyoyin jini. Alwala ma aiki ce. Mu da muka tashi a Malikiyya an koya mana ba a shafa sai a kan huffin fata, don haka kowace alwala sai na naɗe ta har saman idon sawu, tana matse ni, in wanke in jira ƙafa ta bushe in sauke. Ga shi ina wanke ta da hannu ina shanyawa a inuwa yadda aka rubuta a kwali, amma ɗinkin cinya ya fara warwarewa tun ba a je ko'ina ba, alhali an ce irinta takan kai kusan wata 6 kafin matsinta ya saki.

Kada kuma wata ta ɗauka waraka ce. Bayan bikin nan sai da na kwanta laushi, kaina ya yi dum, magana ma sai na lalubo ta. In na cire ta da dare na miƙe, zuciyar tana nan da halinta. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda kada ta ƙara gishiri don ta ji na faɗa, mai toshewar jijiyar ƙafa ko ciwon sukarin da ya kashe mata jin ƙafa kuma kada ta saka safar sai likita ya duba ta. Ba a kwana da ita.

Tauraro uku na ba masu shagon, kuma albarkacin safar suka ci. Likita ta ce da zafi in gwada ɗamarar ciki kaɗai, tunda ba ta rufe ƙafa. Ita zan nema kafin azumi, amma ba a wannan shagon ba, ko da sai Baban yara ya je har Makka ya samo min.