ECNL ko GA: inda zan kai yarinya mai son buga wa jami'a a Amurka

Hajiya, kin tambaye ni wanne ya fi wa 'yarki cikin manyan lig biyu na ƙwallon ƙafar matasa a Amurka, ECNL ko Girls Academy, wato GA. Kai ta ECNL. Tunda kin ce kulob biyun duk sun ba ta gurbi, ɗaya na ECNL ɗaya na Girls Academy, kuma bana za ta shiga aji 8 (a tsarin Amurka a aji 12 ake gama sakandare), ni ban ga abin dogon nazari ba. Sharaɗina ɗaya ne: ki tabbatar babbar tawagar kulob ɗin ce suka ba ta, kuma za ta riƙa shiga fili, ba ɗumama benci za ta je yi ba.

Babbar 'yata a ECNL ta yi tun tana aji 8 har ta gama sakandare, kuma yau tana buga wa wata jami'a ta rukunin farko, wato D1. Ba ɗaya daga cikin manyan nan da ake nunawa a talabijin ba ce, amma alhamdulillahi karatu na tafiya, kuma nauyin kuɗin makaranta ya ragu mana sosai. Abin da ya kai ta can, bayan ikon Allah da ƙoƙarinta, shi ne wasannin baje koli da lig ɗin yake shiryawa. Kwana uku ake yi, wasa ɗaya kullum, a wurare irin su Phoenix da Florida da New Jersey. Ranar da na fara zuwa na Phoenix na tsaya ina kallon ikon Allah. Gefen fili ɗaya iyaye ne, ɗaya gefen kuma kociyoyin jami'o'i jere a kan kujerun naɗewa, kowa da rigar makarantarsa da ɗan littafi a hannu. Uwar da ke kula da harkokin tawagarmu tana bin su ɗaya bayan ɗaya da takardar da aka buga hoton kowace yarinya, lambar rigarta, shekarar da za ta gama sakandare da makinta na aji. Ba wanda ya ce da yaran uffan, domin doka ta hana. Su kalli rabin wasa, su yi rubuce-rubuce, su naɗe kujera su wuce fili na gaba.

Shekarar da ta fi muhimmanci, tafiyar ta faɗo cikin azumi. Na ce ta sha ruwa, ai matafiya ce, ta rama daga baya. Ta sha, amma ranta bai so ba, kuma wasan farko ta buga shi kamar ba ita ba. A na biyu aka ƙwace ƙwallo a ƙafarta a tsakiyar fili, ta juyo da gudu har bakin ragarsu ta ƙwato abinta. Ni ban ɗauke shi a bakin komai ba. Sai da 15 ga Yuni ta zo, kocin da take wajensa yanzu ya kira ta da safe, ya ce tun ranar nan a Phoenix ya rubuta lambarta, yarinyar nan mai hijabi da ba ta tsaya ɗaga hannu tana neman alƙalin wasa ba. Ina kicin ina jin su. Ba ta ci ƙwallo ko ɗaya a wannan tafiyar ba, amma ita ce ta yi mana rana.

Ki riƙe wannan kwanan watan da kyau. A dokar NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, tun 2019, kocin D1 ba shi da ikon kiran yarinya ko yi mata saƙon neman ta sai 15 ga Yuni bayan ta gama aji 10. Ziyarar makaranta don maganar ɗauka kuwa sai 1 ga Agusta, kafin ta shiga aji 11. To amma wanda zai kira ranar 15 ga Yuni ba ranar ya fara tunani ba, ya riga ya kammala jerin sunayensa da abin da ya gani tana aji 9 da aji 10. Shekaru biyun nan su ne kasuwar. Taki tana da shekara guda ta samu gindin zama a tawaga kafin idanu su dawo kanta, shi ya sa na ce yanzu ne lokacin shiga, ba sai ta kai 16 a fara fafutukar sauya kulob ba.

GA ma ba laifi. Akwai kulob masu ƙarfi a cikinta, suna nasu baje kolin, kuma 'yan matansu na samun jami'o'i. Sai dai a 2020 aka kafa ta, bayan hukumar ƙwallon ƙafa ta Amurka ta rufe tsarinta na Development Academy a watan Afrilun wannan shekarar, ita kuwa ECNL tun 2009 take, kuma don 'yan mata aka fara ta kafin a ƙara maza. Tun daga lokacin, kulob masu ƙarfi sun fi ƙaura daga GA zuwa ECNL fiye da akasin haka. Kocin jami'a kuɗin tafiyarsa ƙayyadadde ne, inda ya san zai ga yara masu kyau da yawa a wuri guda can zai fara zuwa. Kamar rumfa ce a Kantin Kwari: na ƙuryar layi ma yana ciniki, amma na bakin hanya ake fara gani.

Inda zan ce ki ɗauki GA wuri biyu ne. Idan a ECNL ita ce ta goma sha takwas a jerin tawaga, a GA kuwa da ita za a riƙa fara wasa, to GA ɗin. Ba wanda ke ɗaukar yarinyar da bai ga ta buga ba. Sai kuma idan kulob ɗin ECNL yana da nisan da za ta riƙa yin aikin gida a cikin mota dare huɗu a mako. Wannan nisan makinta zai ci, kuma maki ya fi ƙwallon kawo kuɗi, yanzu zan zo kansa.

Ba ki tambaya ba, amma bari in ja kunnenki kan masu cin kasuwa da mu, don harkar nan cike take da su. Na farko su ne wasu kulob ɗin da kansu. Za ki ga tambarin ECNL ɓaro-ɓaro a shafinsu da jikin rigunansu, amma a kowane rukunin shekaru yawanci tawaga ɗaya ce ke buga babban lig ɗin. Ta biyu tana buga ECNL RL, lig ɗin yanki, wanda mataki ne na ƙasa, sauran kuwa suna can suna buga gasannin gari da riga iri ɗaya da kuɗi kusan iri ɗaya. RL ba abin kunya ba ce, ana samun makaranta daga can, amma kada a sayar miki da ita a matsayin babbar. Ki ce a rubuta miki sunan tawagar da sunan lig ɗin a takardar karɓa kafin ki biya ko sisi. Kalmar nan ta "za mu riƙa ɗaga ta sama lokaci-lokaci" an faɗa wa iyaye da yawa, yaran sun gama sakandare ba a ɗaga su ba.

Na biyu kamfanonin da ke cewa za su nema wa yarinya jami'a. Da zarar sunanta ya shiga jerin wata gasa za su fara kiran wayarki. Wani ya taɓa riƙe ni kusan awa guda, wai an duba bidiyon 'yata an ga ta cancanci D1, amma gurbin rangwame zai rufe a daren nan. Bidiyon da yake magana ko haɗa shi ba mu yi ba a lokacin. Dala dubbai suke nema, kuma abin da za su yi shi ne tura imel iri ɗaya ga ɗaruruwan kociyoyi, waɗanda da gani sun san ba yarinyar ta rubuta ba. Adireshin kowane koci yana shafin makarantarsa kyauta. Ita za ta zauna ta rubuta da kanta: sunanta, gurbin da take bugawa, shekarar kammalawa, makinta, bidiyo na minti uku zuwa huɗu, da lokaci da lambar filin da za ta buga a baje koli mai zuwa. Doka ta hana shi ya ba ta amsar neman ɗauka kafin lokaci, ba ta hana shi karantawa ya zo ya kalla ba.

Haka ma gayyatar sansanin gwaji da makarantu ke turowa. Imel ya zo da sunan babbar jami'a, gida ya ɗauki murna, alhali dubban yara aka tura wa, kuma kowa sai ya biya. Ki zaɓi na makarantun da take da makin shiga kuma kocin kulob ɗinta ya ce ƙwallonta ya kai. Duk wanda kuma ya ce miki yana da hanya ta bayan fage, ki tuna badaƙalar 2019 da aka kira Varsity Blues, inda tsohon kocin mata na Yale, Rudy Meredith, ya amsa laifin karɓar cin hanci don shigar da ɗaliba a matsayin 'yar ƙwallo. Ki kuma isar wa 'yan uwa a gida, don yanzu akwai masu yawo da sunan wakilan jami'o'in Amurka suna karɓar kuɗin fom daga iyayen 'yan wasa. Kocin gaske ba ya karɓar kuɗi don ya ba da tallafin karatu.

Yanzu maganar kuɗi, wadda ita ce ba a son faɗa. Kuɗin kulob shi ne ƙarami. Tikitin jirgi, otal ɗin da masu gasa suka tilasta a sauka, hayar mota, abinci, ranakun aikin da za ki rasa, mu dai waɗannan sun fi kuɗin rajista nesa ba kusa ba, kuma ko GA kika je ba ki tsira ba. Idan da niyyar a mayar da abin da aka kashe za ki shiga, ki sake lissafi. Kafin 2025, tallafin karatu 14 ne iyakar abin da tawagar mata ta D1 za ta bayar, a gutsuttsura shi ga yara kusan talatin. Bayan sasancin shari'ar House, ƙarar da 'yan wasan jami'o'i suka kai NCAA, da kotu ta amince da shi a Yunin 2025, makarantun da suka shiga tsarin an ɗage musu wannan iyakar, amma an ƙayyade musu 'yan wasa 28 kacal. An ba su damar biya wa duka 28 ɗin, ba a tilasta musu ba, kuma masu ƙarfin yin hakan 'yan kaɗan ne. Ga kuma tsarin sauya makaranta da aka buɗe tun 2018, wanda ya sa koci zai iya ɗauko wadda ta riga ta yi shekara biyu tana buga wa wata jami'a maimakon 'yar 18. Kujerun sun ragu. Makarantun D1 masu ƙwallon mata sun haura 330, amma kowa idonsa na kan irin su North Carolina da Stanford da Florida State. Kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa.

Shi ya sa nake cewa maki. Don D1, NCAA na buƙatar darussa 16 da ta amince da su da matsakaicin maki 2.3 a kansu, amma wannan na a bar ta ta buga ne kawai, ba shi ke shigar da ita makarantar kirki ba. D3, wato rukuni na uku, ba sa ba da tallafin wasa ko kaɗan, haka ma makarantun Ivy, wato rukunin fitattun jami'o'i irin su Yale, amma suna da tallafi na maki ko na buƙata wanda wani lokaci ya fi abin da kocin D1 zai gutsuro mata. Michelle Alozie ta Super Falcons a Yale ta yi digirinta na farko. Uchenna Kanu kuwa, wadda ta zura wa Ostareliya ƙwallo a gasar duniya ta 2023, a Southeastern da ke Florida ta yi, makarantar da ke ƙarƙashin NAIA, wata hukumar wasannin jami'o'i ta daban, ba ta ma cikin NCAA. Don haka a jerin makarantun da za ta rubuta wa, ki sa ta haɗa da D2 da D3 da NAIA tun farko. Kuma in wani koci ya yi mata alƙawarin baki tana aji 11, ku yi murna amma kada ku saki jiki, ba ya ɗaure kowa sai an sa hannu a takardar tallafi, wanda ake fara yi a Nuwamban aji 12.

Hijabi kada ya dame ki. Dokar ƙwallo ta duniya ta amince da rufe kai tun 2014, kuma tawa da shi da dogon wando na ciki ta buga har ta gama. Ki dai saya masu launin rigar gida da ta waje, don wasu alƙalan wasa na da tsanani kan launi.

Kafin ki sa hannu, ki nemi ganin kocin tawagar da kansa, ba daraktan kulob ba. Ki tambaye shi yara nawa ya ɗauka, nawa ke buga gurbinta, da makarantun da 'yan matan kulob ɗin suka tafi a shekaru uku da suka wuce, har da waɗanda ba taurari ba. Ki kuma tambayi rukunin da za ta faɗa, domin daga kakar 2026/27 rabon shekaru na ECNL ya koma daga 1 ga Agusta zuwa 31 ga Yuli maimakon shekarar haihuwa, kuma hakan na iya sauya tawagar da za ta zauna da abokan takararta a gurbi. In ya ba ki amsa kai tsaye, ki biya kuɗin kama gurbin a makon nan, don ba sa jira.