GARGAƊI GA MASU HOTO: An damfare ni N870,000 a kan lens ɗin da aka kashe wa sitabilaiza

Jama'a, musamman 'yan uwana masu ɗaukar hoto da bidiyo a wajen biki, don Allah ku karanta wannan kafin ku tura wa wani ko sisi a Instagram. Yau kwana 11 ina haɗiye maganar nan saboda kunya, amma na ga shirun da nake yi gata nake yi wa ɓarawo. N870,000 ya ci mini. N870,000. Ban sa N18,000 na kuɗin mota ba, ban sa N25,000 da na ba mai gyara ya buɗe ya gaya mini abin da zuciyata ta riga ta sani ba.

Kuma tun kafin wani ya zo yana ce mini araha ba ta ado, bari in faɗa: ba araha na bi ba. Shekara 9 ina wannan sana'a a Kano, na san farashin kaya. Da cewa ya yi N400,000, wallahi ko amsa shi ba zan yi ba. N950,000 ya sa, muka yi ciniki kwana biyu, ya ƙi sauka ƙasa da N870,000, har ya ce in ba zan iya ba akwai wani a Abuja yana jira. Ɗan damfara da na sani rawar jiki yake yi ya karɓi kuɗi. Wannan jan aji ya riƙa yi mini. To ta ina zan gane?

Abin da na saya shi ne lens, wato gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara, Canon 70-200mm f/2.8L IS II, na hannu, a wajen wani mai sayarwa a Instagram daga Legas. Duk mai hoton biki ya san farin lens ɗin nan. Kyamarata 6D Mark II ce, kuma irin waɗannan kyamarorin Canon masu madubi a ciki babu wadda ke da na'urar hana rawar hoto a jikinta. Sai a 2020 da suka fito da R5 da R6 suka sa ta a cikin kyamara, alhali Sony ta sa tun a A7 II a 2014. Don haka ni duk dogarona a kan lens yake. Waɗannan haruffa biyun, IS, wato sitabilaiza, na'urar hana rawar hoto da ke cikin lens, su na biya. Akwai tsohon 70-200 f/2.8 ɗin da ba shi da IS, tun na 1995, hotonsa garau, kuma ya fi wannan sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Da shi nake so da na saye shi a nan Kano, na riƙe a hannuna, na gwada. Na ƙara kuɗi ne saboda sitabilaiza kawai.

Ranar Laraba muka yi kiran bidiyo. Ko Talata ce? Laraba ce, domin ranar na karɓo kuɗin adashina. Ni na nemi kiran, ba shi ba, ku lura da wannan. Na ce ya nuna mini gefen lens ɗin, ya nuna: makunnai huɗu cif, na tazarar fokas, na AF da MF (fokas da kansa ko da hannu), na kunna sitabilaiza da kashewa, da na zaɓin 1 ko 2. Marar IS makunnai biyu gare shi, na sani, shi ya sa na ƙirga. Na ce ya haska fitilar waya a cikin gilashin in ga ko akwai fumfuna, ya haska, tas. Sai na ce ya ɗaura a kyamara ya danna shota, wato maɓallin ɗaukar hoto, rabi. Ya ɗaura, ya kawo lens ɗin daidai bakin wayarsa, ya ce, "Malam, ji da kunnenka."

Na ji. Wallahi na ji. Ɗan ƙaran nan na farko, ƙyas, sannan gunjin nan siriri da sitabilaiza ke yi, da ya saki maɓallin kuma ya ci gaba kamar daƙiƙa biyu kafin ya tsaya. Haka lafiyayyen IS yake yi. Sau uku ya maimaita mini. "Malam, ji da kunnenka." Tun ranar nan kalmomin nan ba su bar kaina ba, ko na kwanta su nake ji. Ana cikin haka aka kira sallar la'asar a wajensa, ya ce in yi haƙuri ya je masallaci ya dawo mu ƙarasa. Ya dawo kuwa ya kira ni da kansa. A nan zuciyata ta kwanta. Mutumin da ya katse ciniki na kusan miliyan don ya tafi jam'i, yaya za a yi in zarge shi?

Abu ɗaya ne, kuma shi ke cina har yanzu. Na ce ya nuna mini lambar da ke jikin lens ɗin. Ya juya shi, amma babban yatsansa na kan rabin lambar, ƙarshenta kawai na gani, lambobi uku. Na yi niyyar in ce ya ɗage yatsan, sai intanet ta ɗan tsinke, da ta dawo mun shiga maganar mota. Na bari. Daƙiƙa biyar ce kawai za ta cece ni daga asarar N870,000, na bari saboda kar ya ga kamar ina tuhumarsa.

Na tura N400,000 kafin alƙalami. Sunan da ke kan asusun ba nasa ba ne, ya ce na maiɗakinsa ne, nasa yana da iyakar abin da zai iya karɓa a rana. Wannan ma ba sabon abu ba ne, 'yan kasuwa nawa ne muke tura wa ta asusun ƙanne da mata? Washegari ya turo hoton kwalin a hannun direba a tashar mota a Legas, da lambar direban, na kira, direban ya tabbatar akwai saƙona. Sannan na cika N470,000. Ku gaya mini inda na yi wauta a nan. Kaya ya iso fa. Ba dutse aka naɗo mini a kwali ba, lens ne, fari, Canon na gaske, makunnai huɗu.

Ga wanda bai san aikin abin ba, don ya gane girman cutar. A cikin lens ɗin akwai 'yan na'urori masu jin motsi, suna gane rawar hannunka sama da ƙasa, hagu da dama. Sai su sa wani rukunin gilashi da ke lilo a ciki ya matsa ya rama wannan rawar, hoto ya sauka a tsaye. Canon ke kiransa IS, Nikon VR, Sony OSS, Sigma OS, Tamron VC, duk manufa ɗaya. Ƙa'idar da muka koya ita ce in kana kan 200mm da hannu, kada gudun shota ya gaza 1/200 na daƙiƙa. Wannan IS II ɗin, da ya fito a 2010, Canon ta ce yana ba da sassaucin mataki huɗu, wato a lissafi har wajen 1/13 za ka iya sauka in abin da kake ɗauka ba ya motsi. Ba ya tsayar da mai rawa a fili, rawar hannunka kawai yake kashewa, amma amarya da ango a zaune a kan kujerarsu, a ɗakin taro mai fitilu ja da shuɗi, a nan yake biyan kuɗinsa. A bidiyo kuma ba a magana. Lens mai nauyin kusan kilo ɗaya da rabi, a 200mm, ba sitabilaiza, ko numfashinka sai ya fito a hoto.

Shi ne ya fito kuwa. Daren Asabar, wajen dina. Shigowar amarya, wadda ba a maimaitawa. Ina can baya na zuƙo ta, ina kallon allon kyamara hoton yana karkarwa kamar mai zazzaɓi. Na duba makunni, yana kan ON. Na kashe na kunna. Na cire lens na mayar. Babu. Hotunan da na ɗauka a 1/40, na dogara da IS, fuskar uwar amarya duk ta ja wutsiya. Uwar amarya fa, wadda ita ta ba ni aikin.

Na san za a ce me ya sa ban gwada ba kafin in kai shi aiki. Na gwada. Daren Juma'a na karɓo shi a tasha bayan isha'i, ba wuta a unguwarmu, janareton maƙwabcina na ruri, na ɗaura na danna, fokas ya kama nan take, hoto ya fito. Ban ji gunjin ba, na ce ƙarar janareto ce. Da safe wajen ɗaurin aure, rana ta fito sosai, shota na kan 1/2000, a wannan gudun ko lens ba shi da komai hoto zai fito garau. Har nuna wa yarona na yi ina jin daɗi. Har saƙon godiya na tura wa mutumin nan da safiyar Asabar ɗin. Godiya! Ya amsa da "Allah ya sa albarka, Malam." Yana nan a wayata, zan sa muku.

Ranar Litinin na kai wa mai gyara, dattijo ne da ya daɗe yana buɗe kyamarori. Bai ma kwance ba ya nuna mini kan sukurorin baya, duk sun ci sukundireba. Da ya buɗe sai ya kira ni in gani da idona. An cire wayar da ke kai wa sitabilaiza wuta, gilashin da ya kamata ya yi lilo kuma an daidaita shi a tsakiya an like da gam. Ya ce, "Yaro, wannan ba lalacewa ya yi a hanya ba. Wanda ya yi wannan ya san aikinsa, ya yi ne don lens ya ci gaba da ɗaukar hoto ba tare da kyamara ta nuna matsala ba." Makunnin da nake ta kunnawa a wajen dina ba a haɗe yake da komai ba. Ya ce sai an yi odar na'urar gaba ɗaya daga waje, kuma saboda gam ɗin ba ya ba ni tabbacin komai.

Sai a lokacin na tuna yatsan nan. Na koma hoton da na ɗauka daga kiran bidiyon, na duba lambobi ukun ƙarshe, na duba na hannuna. Ba su ba ne. Lens biyu gare shi. Lafiyayyen na nunawa, mataccen na turawa. Ƙaran da na ji gaskiya ne, amma ba nawa ba ne. Allah kaɗai ya san mutum nawa aka jiyar da gunjin wannan lens ɗin guda ɗaya.

Na manta ban faɗa ba, tun daren Asabar ɗin na kira shi daga wajen dina, wajen ƙarfe 11. Ya ɗauka. Ya ce wai ban iya saitin ba ne, in mayar da shi kan 2. Ni zai koya wa? Lamba 2 ta bin abin da ke gudu ce, kamar doki a hawan sallah, ba ruwanta da wannan. Lahadi ya ce direba ne ya yar da kwalin. Kwalin ko lotsawa bai yi ba, kuma faɗuwa ba ta shafa wa gilashi gam. Litinin da na tura masa hoton cikin lens ɗin, ya karanta, bai amsa ba, zuwa magariba ya toshe ni a WhatsApp da Instagram. Shafin yana nan, sunan kawai ya canja, ƙanena ya duba da wayarsa. Kuma tallar lens ɗin nan tana nan, hoto ɗaya, farashi ɗaya, N950,000.

Kuɗin nan ba tsintarsu na yi ba. Adashin wata 10 ne, da tsohon lens ɗina da na sayar, da N150,000 da na ranta a wajen yayana, wanda har yau ban iya gaya masa ba, a nan zai gani. Iyayen amarya kuma na mayar musu da N60,000 da kaina, ba su nema ba, amma kunyar kallon Hajiya ba ta bar ni ba. Ta ce, "Ba komai ɗana, ƙaddara ce." Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Ku haɗa: N870,000 da N18,000 da N25,000 da N60,000. N973,000, a kan lens ɗin da yanzu bai kai darajar marar IS ɗin da na raina ba, tunda shi ba a taɓa farke cikinsa ba.

Na kai ƙara, na kuma sanar da banki, na ba su lambar asusun da rasit biyun. An shawarce ni kada in sa suna da lamba a fili tukuna, shi ya sa ba ku gani ba, ba tsoronsa nake ji ba. Hotunan hirarmu, da na alat, da na gam ɗin, da bidiyon shigowar amarya bayan na rufe fuskoki, duk zan ɗora da daddare in an kawo wuta. Wanda yake cikin ciniki da wani mai sayar da farin lens daga Legas yanzu haka, ya yi mini magana ta akwati in nuna masa shafin.

Kada ku biya sai kaya na hannunku. Ku karɓi lambar jikin lens cikakkiya kafin kuɗi. Ku gwada a ɗaki shiru, a 200mm, a 1/30, IS a kunne da a kashe, in hoto bai bambanta ba ku mayar.

Kai kuma na san kana karantawa da wani shafin. Ka ce in ji da kunnena, na ji. Ka tafi masallaci ka dawo ka ƙarasa cutata. N870,000. Ban yafe ba, Allah ya isa tsakanina da kai.